Wa Ya Cinye Tumbin Gwadabe

Bebeji,
12 ga Nuwamba, 1957.

Zuwa ga ɗana Surajo, malamin reluwe a Kano,

Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. A ajin yaƙi da jahilci an koya mana mu ƙara da cewa "kamar yadda muke nan lafiya". To ni ban ƙara ba, don ba na yi maka fatan irin tawa lafiyar.

Bayan haka, mun iso gida ranar Talata a motar Audu. Na gode da ɗawainiyar da ka yi da ni a asibiti, Allah ya yi maka albarka. Na tarar labarin faɗuwata ya riga ni zuwa, har ya hayayyafa. Wasu sun ce bijimi ne ya tunkuye ni a karar shanu ta Tudun Wada, wasu sun ce aljani na taka. Ban ƙaryata kowa ba, don duka biyun sun fi gaskiyar daɗin ji. Gaskiyar dai ita ce ina tsakiyar lallashin Hamman Bafulatani ya sallama wata karsana, sai na ji kamar bijimin sa ya durƙusa mini a ƙirji, hannun hagu ya mutu, gumi ya wanke ni. Mutum shida suka ɗauke ni, kuma har yau biyu daga cikinsu suna kukan baya.

Kana tsaye lokacin da likitan nan Bature ya sallame ni. Tafinta ya ce zuciyata ce ta buga, in bar taba, in bar kitse da man shanu, in rage gishiri, in rage tuwo, in riƙa tafiya a ƙasa, kuma in sauke dutse uku. Na ce ni ban ɗauko dutsen kowa ba. Ka harare ni. Sai daga baya ka fahimtar da ni cewa su da dutse suke auna mutum, kowane dutse laba goma sha huɗu. Jiya na je shagon Ubale mai sayen gyaɗa na hau sikelinsa, ya ce laba ɗari biyu da ashirin da huɗu. Ya ce da buhu ne ni da ya zargi an zuba ƙasa a ciki.

Amma Surajo, ka tafi ka bar ni da 'yar doka. Takardar likitan nan da ka fassara wa Innarku sau biyu, ta haddace ta fiye da yadda na haddace sunayen jikokina. Tuwo malmala ɗaya, ni da nake cin huɗu ina leƙen tukunya. Miya lami, ba mai ba gishiri, in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka. Da rana kwaɗon rama. Jiya rama, yau rama, gobe rama, wai don in rame. Wanda ya raɗa wa ganyen nan suna ya san abin da yake yi.

Taba kuwa, shekara ashirin da shida muna tare, tun ina lofe har na waye na koma sigari na gwangwani. Ranar da muka iso ta kwashe karan da suka rage ta zuba a murhu ina kallo. Talatin da bakwai ne, na ƙirga. Na tsaya a bakin madafi ina shaƙar hayaƙin sai da ta kore ni da muciya. Yanzu yatsuna biyu ba su san inda za su sa kansu ba. Asuwaki nake tauna, na cinye kusan reshe guda. Bayan cin abinci ne abin ya fi tsanani, sai in ji kamar na yi sallama da baƙo ban raka shi ba. Ina faɗa da kowa, har da akuya.

Abin da ku 'yan boko ba ku gane ba, tumbin nan jarina ne. Bafulatani in ya shigo kara ya hango dillali mai tumbi, ya san wannan ya ƙoshi, ba zai ci amanarsa ba. Shekara talatin na yi ina tara shi, loma-loma, yanzu an ce in rushe shi cikin wata shida. To, ga ni ina rushewa.

Innarku tana gaishe ka, ta ce in shaida maka ba ta sassauta ba. Na shaida. Ka gai da mai ɗakinka da yara.

Haza wassalam, ni ne mahaifinka,
Gwadabe dillali.


Bebeji,
19 ga Janairu, 1958.

Zuwa ga Surajo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, da fatan aiki yana tafiya daidai. Saƙonka ya iso hannun Audu, har da ƙwayoyin maganin. Ina sha.

Ka tambayi labarin duwatsu. An sauke ɗaya da rabi. Ubale ya ce laba ɗari biyu da biyu. Rigata ta salla yanzu mutum biyu za su iya kwana a ciki ba su san da juna ba. Mazagin wando kuwa sau biyu yake zagaya ni. Dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ina zuwa masallacin Juma'a in dawo ban tsaya hutawa a gindin tsamiya ba, kuma ina ganin yatsun ƙafata, waɗanda rabona da su tun kana rarrafe. Suna nan su goma.

Sai dai ba wanda yake yi mini barka. Duk wanda na gamu da shi sai ya rage murya ya ce, sannu Gwadabe, Allah ya sawwaƙe, kai ka rame. In na ce ai ramar nake nema, sai ya dube ni kamar na ce gobara nake nema. A kara kuma Fulani sun fara wuce ni suna zuwa wurin masu sauran nama a jiki. Hamman, da yake mutumin kirki ne, ya aiko matarsa da ƙwaryar man shanu don in farfaɗo. Innarku ta yi godiya, ta yi addu'a, ta mayar da ƙwaryar yadda ta zo. Matar ta fita fuska a ɗaure. Na ce da ta karɓa ko ɗanɗanawa in yi, ta ce ɗanɗanon nawa ta san shi.

Zan yi maka ikirari, amma kada ka kai ni gaba. Ranar kasuwa na roƙi kara ɗaya wurin wani direba, na laɓe bayan rumbu kamar ɓarawon kaza na sha. Kaina ya juya, na ji duniya ta dawo daidai. Na tauna goro, na tauna albasa. Ina shiga gida ta ɗago kai ta dube ni, sai ta zauna a bakin turmi tana share ido da gefen zane. Da zagina ta yi da na fi jin sauƙi. Ban sake ba.

Bari in ba ka wanda zai sa ka dariya. Shekaranjiya aka yi sunan jikan Ubale, ƙofar gida cike da mutane, ana rabon goro. Wani ya ɗaga murya ya ce Gwadabe ina ka kai tumbin. Na ce ku tambayi mai ɗakina, ita ke cinye ni. Na ce kullum sai ta ɗan gutsura, ta fara da tumbi, yanzu ta gangaro cinya, ƙashin kuma ta ajiye na miyar salla. Na ce ku dube ta ku dube ni, ni ina ramewa ita tana sheƙi. Ubale ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin ƙwaryar goro. Rabona da in tayar da taro haka tun kafin in faɗi, sai na ji ashe da sauran Gwadabe.

Kuma ba ƙarya na yi ba, Innarku ta ɗan murmure. Na ga kamar tun da na daina share tukunya ta fara samun abin ci. Ban taɓa tambaya ba me take ci a da.

Yayata Asabe, gwaggonku, ta zo daga Tudun Wada duba ni. Tana ganina ta fashe da kuka, ta ce wannan ba ƙanenta ba ne. An ba ta labarin barkwancin nawa a wurin mata, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ka san ta, tun muna yara ba ta gane wasa. Ta ce za ta ɗan kwana biyu.

Ka gai da kowa. In ka rubuta wa ƙanwarka Zuwaira a Ƙafin Maiyaki ka ce ubanta ya zama saurayi.

Wassalam,
Gwadabe, ragowar dillali.


Bebeji,
2 ga Maris, 1958.

Zuwa ga ɗana Surajo,

Ina gaishe ka, ina fata kuna lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma kada ka karanta a gaban mai ɗakinka.

Innarku ba ta gidan nan. Tana Yako wurin kawunku Uba, yau kwana takwas. Ba rashin lafiya ba ne, kuma ban sake ta ba. Zan faɗa maka yadda aka yi tun daga farko, don na fi so ka ji daga bakin wanda ya yi ɓarnar.

Maganar nan da na yi a wurin suna, ashe ba a ƙofar gidan Ubale ta tsaya ba. Ta shiga gidaje, ta cire rigar wasa ta ajiye. Aka ce Gwadabe da bakinsa ya faɗa a gaban jama'a matarsa ke cin sa. Ka san a garin nan in an ce ana cin mutum yana ramewa, ba tuwo ake nufi ba. Matar Hamman ta kawo tata gudummawar, ta ce ita shaida ce an hana shi man shanu. Gwaggonku ta ce ita ma da idonta ta ga abin da ake zuba mini, ko ɗan kurkuku ya fi ni. Aka tono cewa kakarku ta wajen uwa daga bayan duwatsun Doguwa aka auro ta, ba wanda ya san asalinta. Kafin wata ya ƙare Innarku Luba, 'yar mutanen Yako, wadda ta yi wa rabin matan unguwar nan wankan jego, ta zama mayya mai kama kurwa.

Ni ne na ƙarshen sani. Na dai lura an daina zuwa sayen daddawarta. Na lura maƙwabciyarmu in ta hango ta sai ta ja zane ta rufe jaririnta. Na tambaye ta me ya faru, ta ce kasuwa ce. Sati uku tana haɗiye abin nan tana auna mini gari da ɗan ƙoƙonta, ba ta ƙara ko tsinke ba.

Da na ji, na tashi a ƙofar masallaci bayan la'asar na yi bayani. Na ce wasa nake yi, likita ne ya sa ni, ga takarda. Aka karɓi takardar aka jujjuya, ba mai karanta Turanci. Da na zo kan dutse uku sai wasu suka fara dariya, suna jiran inda barkwancin zai faɗo. Wani tsoho ya ce a ƙyale shi, wanda aka kama kurwarsa ai har bakinsa ake kamawa. Shekara hamsin na yi ina koya wa garin nan kada su ɗauki maganata da gaske. Sun koya, sai a wuri ɗaya.

Kada ka manta abin da suke cewa, maita a nono ake sha. Wato ba ita kaɗai ba. Kai ne, da Zuwaira, da 'ya'yan Zuwaira.

Yanzu ga nawa laifin na biyu, wanda ya fi na farko. Ran Asabar da hantsi gwaggonku ta shigo da tsofaffi biyu, ta ce abin mai sauƙi ne, a yi yadda aka saba: in kwanta, Innarku ta tsallake ni sau uku, in kurwata tana hannunta ta sake ta, in ba ta hannunta ba abin da ya ragu. Ni kuma na gaji, kaina yana sarawa don son taba, na ga hanya ce ta rufe bakin mutane kowa ya huta. Da hannuna na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na kwanta. Har na ce mata ta zo ta tsallake, yanzu na yi sauƙi, da a da ne sai an kawo tsani.

Tana tsaye da ludayi a hannu. Ta daɗe tana kallona a kwance. Sannan ta ce, "Malam, in na tsallake ka na amsa ke nan. Kai ma ka sani."

Na sani. Wallahi ina kwance a wurin na sani.

Ta ajiye ludayin ta shiga ɗaki. Kafin azahar ta ɗaure kayanta. Ta kira gwaggonku ta miƙa mata ƙoƙon awo, ta ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, gishiri ɗan yatsa biyu, magani bayan ya ci. Ta bi 'yan kasuwa da suka yi wajen Kiru. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa yin yaji ba, ni kuma ban taɓa koyon biko ba.

Ban san abin da nake so ka yi ba. In ka ga dama ka zage ni a takarda, zan karanta, hannuna ya faɗa a karatu yanzu.

Mahaifinka,
Gwadabe.


Bebeji,
27 ga Afrilu, 1958.

Zuwa ga Surajo,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da salla, Allah ya maimaita mana. Wasiƙarka ta iso. Na lura sai a layin ƙarshe ka gaishe ni, kuma ban ce ba ka kyauta ba. Na ji ka je Yako ka yi salla wurinta. Ka yi daidai. Ba ka biyo ta nan ba, shi ma na gane.

Ka tambaya ko ina bin dokar likita. Zan ba ka amsa biyu, ta da da ta yanzu.

Ranar da ta tafi, kafin la'asar na sayi gwangwanin sigari. Na zauna a tsakar gida, ba laɓewa, na sha shida a jere. Na ce tun da 'yar doka ta tafi ai an buɗe kurkuku. Gwaggonku ta jefa ƙoƙon awon bayan randa, ta ɗora babbar tukunya. Azumi ya kama, ta mai da shan ruwa kamar walimar aure: fura da nono, ƙosai, tuwo malmala uku man shanu yana gudu a kai, ga romon kai. Hamman ya dawo da ƙwaryarsa, wannan karon aka karɓa da guɗa. Na ci, Surajo. Ba zan ce tilasta ni aka yi ba. Na ci har ina lumshe ido. Sau biyu ƙirjin ya ɗan matse ni, na ce ƙwarnafi ne.

Kashegarin salla na bi ta shagon Ubale, mutane zaune a gaba, aka ce in hau sikeli a gani. Na hau ina wasa. Ubale ya ce na ƙaru da laba tara. Sai wurin ya ɗauki alhamdulillahi. Wani ya dafa kafaɗata ya ce ka gani ko, wata biyu kacal da fitarta ga shi jini ya dawo. Wani ya ce Allah ya tona asiri. Suna yi mini murna da zuciya ɗaya, ba mugunta a fuskarsu, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ina tsaye a kan sikelin na gane abin da nake yi tun farkon azumi. Ashe shaida nake bayarwa. Kowace loma da na kai baki na ce ita ce. Gwaggonku ba ta buƙatar alƙali, ga ni nan ina kumbura a gaban gari ana karantawa.

Na koma gida na zuba sauran sigarin a masai, don na san in a murhu ne zan tsaya shaƙa. Na laluba bayan randa na ciro ƙoƙon. Na ce wa Yaya Asabe daga yau da wannan za a auna. Ta ce ita ba ta zo Bebeji don ta taya mayya ƙarasa aiki ba. Na ce mata kalmar nan in ta sake fitowa daga bakinta a gidan nan, to ta manta tana da ƙane. Ita ta goya ni, Surajo, ita ta yi mini uwa da uwarmu ta rasu, kuma na san don tana so na take yi. Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta hau motar Audu ta koma Tudun Wada.

Yanzu ni ke dafa wa kaina. Ka zo ka ga dillalin shanu a durƙushe yana hura wuta, gemu cike da toka. Tuwon farko da na tuƙa, na jefa wa kare ya shinshina ya dube ni. Maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na bar su su kalla, ai kallon nake so. Kowace ranar kasuwa zan hau sikelin Ubale a gaban kowa, shi kuma ya faɗa da ƙarfi. In na ci gaba da ramewa ba ta nan, ba ta ganina, ba ta taɓa abincina, dole su yarda ba ita ba ce. Wannan lissafin ko ɗan yaƙi da jahilci ya iya shi.

Barin taba karo na biyu ya fi na farko wuya, ka gaya wa duk wanda ya tambaye ka. A karon farko akwai wadda nake ɓoye wa.

Ka gai da yara. Ka ce kakansu ya iya kwaɗon rama.

Wassalam,
Gwadabe.


Bebeji,
20 ga Yuli, 1958.

Zuwa ga ɗana Surajo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali, yaya damina a wajenku. Nan ruwa ya zauna, dawa ta kai gwiwa. Na gode da ka fara gaishe ni a layin farko.

Sati goma sha biyu ke nan ban sa taba a baki ba. Ubale ya ce laba ɗari da saba'in da tara, wato na wuce abin da likita ya nema. Ina noma kunya ashirin ban zauna ba. Ban taɓa jin ƙarfi irin na bana ba tun ina saurayi, kuma ban san wanda zan kai wa ƙarfin ba.

Lissafina bai fita ba. Da na ci gaba da ramewa, sai aka ce ai da kurwar ta tafi, tana can Yako a cikin gora an toshe da tsumma. Da na ƙaru an ce ita ce, da na ragu an ce ita ce. Liman ya yi magana a kan zato har sau biyu, Allah ya saka masa, aka ce gaskiya ne malam, aka fita aka ci gaba. Ubale da mutum uku ko huɗu sun dawo hanya. Sauran kuwa sun sami labarin da ya fi na likita daɗi, ni kuma na fi kowa sanin ba a ƙwace wa mutane irin wannan. Na ji a Ƙafin Maiyaki an ware wa Zuwaira kwanonta. Mijinta yana tsaye a kanta, amma ba shi ke wuni a cikin gida ba.

Ran Laraba na tafi Yako. Na fita da sassafe, rabi a ƙasa rabi a jakin wani mai kirki. Kawunku Uba ya karɓe ni a zaure kamar mai karɓar haraji ne ya zo, ya ba ni ruwa bai ba ni fuska ba. Na daɗe a zaune kafin ta fito. Ta tsuguna a bakin ƙofa ta gaishe ni kamar kullum.

Surajo, ba ka gaya mini ta rame ba. Wuyanta duk ya fito. Ni da ita muka zauna kamar tsinken tsire biyu da aka cinye naman. Wannan maganar ta zo mini a baki a wurin, na haɗiye ta. Karo na farko ke nan a rayuwata da na haɗiye irinta, kuma da na haɗiye sai na tarar ba ni da wata a ƙasa. Ita ta yi ta tambaya: ina shan magani, wa ke dafa mini, gishiri fa. Da na ce ni ke tuƙa tuwo sai ta kau da kai, ban sani ba dariya ce ko kuka.

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin ta kai Kiru, amma yafewarta ba ta hana a rufe jariri in ta wuce. Na ce ta dawo, in ya so mu tashi daga Bebeji mu koma ko'ina. Ta ce magana ta fi mu sauri, kuma in mun gudu mun amsa. Ta ce ta yi tunanin abin ta kowace fuska: in ta dawo na faɗi a hannunta, an gama da ita da ku. In tana nan na faɗi, an ce gorar ce. Hanya ɗaya ce ta ga ta rage, wadda mutane za su gaji su bari, su ga shekara ta bi shekara wanda aka ce ana ci bai ƙare ba.

Na ce to me zan yi. Ta ɗago ta dube ni sosai, ta ce, "Abu ɗaya za ka yi mini, Malam. Kada ka riga ni mutuwa."

Ta tashi ta shiga ciki. Ta aiko mini da ƙullin daddawa.

To ka ji aikin da aka ba ni. Ni shekarata hamsin da uku da zuciya mai faci. Ita ba ta kai hamsin ba, mahaifiyarta kuma sai da ta ga tamanin tana tsinkar kuka da kanta. Kai ne mai ilmin lissafi, ka auna. Na san rai a hannun Allah yake, ban manta ba, kullum ina roƙonsa, kuma ina jin kunyar abin da nake roƙo, don in ka juya shi ta ɗaya gefen ka san me yake nufi.

Har gobe ina son taba. Kowace safiya da ita nake tashi, kamar an ajiye mini ita a bakin ƙofa. Da ina cewa in abin ya ishe ni zan kunna ɗaya, in ƙirjin ya tsaya ya tsaya, asarar tawa ce. Yanzu ko wannan ba ni da ikonsa.

Ga abin da nake so ka yi mini. Ka nemi rana ka koma asibiti wurin likitan nan. Ka gaya masa na yi duk abin da ya ce har da ƙari. Ka tambaye shi ko akwai wani abin da ya rage a bari, ko mene ne zan bar shi. Sannan ka tambaye shi, ba tare da kwana-kwana ba, irin wannan zuciya shekara nawa take yi in an lallaɓa ta. Ba sai ka ba shi labarin kurwa ba, ba zai gane ba, kuma na gaji da a yi dariya. In ya faɗi adadi mai yawa ka rubuto mini, kuma ka biya Yako ka karanta mata. In kaɗan ya faɗa, ka rubuto ka ce ba ka same shi ba, zan gane.

Ka gai da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga bakin mutane, da na ubanku.

Haza wassalam,
mahaifinka Gwadabe.